Tambayoyi da Amsoshi kan Yadda Ake Faɗin Shiri da Niyya da Turanci

Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu koyon Turanci suka fi maimaitawa idan darasi ya zo kan maganar gaba, tun daga ɗalibin da ke shirin WAEC, da mai neman aiki, da wadda ta samu gurbin karatu a waje tana jiran ranar ganawa, har zuwa ɗan kasuwar da ke musayar saƙo da abokan ciniki a Dubai. An fara da masu sauƙi, sannan aka gangara zuwa masu zurfi. Kana iya tsallakawa kai tsaye zuwa wadda ta dame ka.

Da Hausa "zan" kaɗai ta ishe ni. Me ya sa Turanci yake da hanyoyi barkatai na faɗin abin da za a yi?

Saboda aikatau na Turanci ba shi da siga tasa ta lokaci mai zuwa. Akwai *go* ta yanzu, akwai *went* ta da, daga nan an gama. In Bature zai yi maganar gobe sai ya nemi taimakon wata kalma ko wani gini, kuma guda huɗu ne suka fi yawo a bakinsa: *will*, da *going to*, da *am*, *is* ko *are* haɗe da aikatau mai *-ing*, sai kuma sigar yau da kullum irin ta *leaves* da *starts*.

Mu kuwa "zan" ɗaya tana ɗaukar aikinsu duka. "Zan je Kano" na iya zama alkawari, na iya zama niyyar da ka ɗaura tun makon jiya, na iya zama tafiyar da har ka biya kuɗin mota. Mai sauraronka daga yanayin zancen yake gane wacce kake nufi. Turanci yana son wannan bambanci ya fito a cikin jimlar kanta. Don haka tambayoyi biyu za ka riƙa yi wa kanka: yaushe na yanke wannan shawara, yanzu ko tun da? Kuma na tsayar da magana da wani, ko abin yana zuciyata ne kawai?

An koya wa da yawa daga cikinmu cewa *going to* ta kusa ce, *will* ta nesa. Ba haka ba ne. *I'm going to build a house in ten years* daidai ce, *I'll open the door* ma daidai ce, alhali ta farko maganar shekara 10 ce, ta biyu kuwa ko minti ɗaya ba za a yi ba.

To mene ne ainihin bambancin *will* da *going to*?

*Going to* ta niyyar da aka riga aka ɗaura ce kafin a fara zancen. Yarinyar da ta ce *I'm going to study nursing* tana gaya maka cewa ta gama tunani, aikin jinya za ta karanta. *Will* kuwa ta shawarar da aka yanke nan take ce, ana cikin magana. An ɗauke wuta, wani ya miƙe ya ce *I'll start the generator*. Bai kwana da wannan niyya ba, ɗaukewar wutar ce ta haife ta.

Akwai ma'auni mai sauƙi ga Bahaushe: kusan duk inda za ka ce "bari in", Bature *I'll* zai ce. "Bari in ɗauke miki" ita ce *I'll carry it for you*. "Bari in tambaye shi" ita ce *I'll ask him*. Haka nan alkawari da tayi da gargaɗi duk gonar *will* ce: *I'll pay you on Friday*, *I won't tell anyone*, *I'll report you*.

Ga inda bambancin yake fitowa sarai. Uwargida ta ce sukari ya ƙare. In maigida ya ce *I'll buy some*, yana nufin yanzu ya ji, zai sayo. In ya ce *I'm going to buy some*, yana nufin ya riga ya sani, tuni yake da niyyar sayowa. Sauya ɗaya da ɗaya ba zai hana a fahimce ka ba, kada wannan ya ɗaure maka harshe. Amma wanda aka tambaya me zai yi bayan hidimar ƙasa, ya jero *I will, I will, I will*, a kunnen Bature kamar mai rantsuwa yake, ko mai ƙirƙirar amsa a tsaye.

Na ji ana cewa *I'm travelling tomorrow*. Ba lokaci mai ci ba ne wannan? Ya aka yi ya koma gobe?

Mu ma haka muke yi. "Ina zuwa gobe" sigar lokaci mai ci ce, amma kowa ya san ba yanzu ake zuwan ba. Turanci yana amfani da wannan siga ga shirin da ya riga ya kankama, wanda aka sa wa rana, ko aka sayi tikiti, ko aka yi magana da wani. *I'm seeing the doctor on Monday* na nufin an ba ka rana a asibiti. *We're getting married in December* na nufin an sa rana, iyaye sun sani. Kusan kullum akwai kalmar lokaci a jimlar, ko kuma an riga an san lokacin da ake magana a kai, domin in babu, sai a ɗauka yanzu abin yake faruwa.

Tsakaninta da *going to* tazarar ba ta da yawa, kuma sau da yawa duka biyun suna shiga. *I'm going to see the doctor* niyya ce, mai yiwuwa ko katin asibiti ba ka yanka ba. *I'm seeing the doctor* an gama magana. Sai dai wannan siga ba ta shiga abin da ba mutum ne yake shirya shi ba. Ba a cewa *It's raining tomorrow*, ba a cewa *I'm passing the exam next month*, domin ba wanda ya isa ya sa wa ruwan sama rana. Irin waɗannan suna cikin amsar da ke kan hasashe.

A ganina wannan ce sigar da ɗalibanmu suka fi yin watsi da ita, alhali ita ce ta fi yawa a bakin Turawa idan suna hirar abin da za su yi a ƙarshen mako.

Me ya sa ake cewa *The train leaves at eight* ba tare da *will* ba?

Saboda jadawali ne. Duk abin da wata hukuma ta tsara ta rubuta, kamar tashin jirgi, da komawa makaranta, da ranar jarrabawa, da lokacin wasan ƙwallo, ana faɗinsa da sigar yau da kullum: *The train leaves Rigasa at eight*, *The term starts in September*, *The match kicks off at four*. Kada ka manta da *-s* ɗin ƙarshen aikatau. Shirinka na kanka kuwa ba jadawali ba ne, don haka *I visit my uncle tomorrow* ba ta zauna ba. *I'm visiting my uncle tomorrow* za ka ce.

Idan hasashe nake yi, ba shiri ba, wacce zan ɗauka?

In akwai alamar da ido yake gani yanzu, *going to*. Hadari ya haɗo daga gabas, iska ta taso: *It's going to rain*. Yaro yana wasa a bakin rijiya: *He's going to fall*. In kuwa ra'ayinka ne ko saninka na yadda abubuwa suke tafiya, *will*, kuma galibi tana tafe da *I think*, *I'm sure* ko *probably*: *I think prices will rise after the harvest season*.

Abu ɗaya da ya kamata ka lura da shi: idan hasashen na korewa ne, Turawa sun fi son su kore tunanin, ba aikin ba. *I don't think he'll come* ta fi *I think he won't come* daɗi a kunnensu, kodayake ta biyun ba kuskure ba ce.

Malami ya soke min *When I will arrive, I will call you*. Ai duka biyun nan gaba ne, ina kuskuren?

Kuskuren yana cikin *will* ta farko. Bayan *when*, *if*, *before*, *after*, *until*, *unless* da *as soon as*, Turanci yana sa sigar yanzu ko da maganar ta gaba ce. Daidai ita ce *When I arrive, I'll call you*. Haka *If it rains, we'll stay at home*, da *I'll wait until she comes*.

Hausa ma ba ta sa "za" a nan. Ba ma cewa "idan zan isa zan kira ka", sai dai "idan na isa zan kira ka". Amma wannan "na isa" ɗin tana jawo wani kuskuren daban: tunda sigar abin da ya wuce ce, sai ɗalibi ya rubuta *When I arrived, I will call you*. Ita ma ba daidai ba ce. Sigar yanzu ake so, ba ta da ba, ba ta gaba ba. 'Yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Cadi da suka yi boko da Faransanci sun fi faɗawa kuskuren farko, domin Faransanci yana sa lokaci mai zuwa bayan *quand*, wato *when*.

Akwai wurin da *will* take halatta bayan *when* da *if*, wato idan jimlar tambaya ce a fakaice: *I don't know when he will come*, *Ask her if she'll be at home*. A nan ba sharaɗi ake gindayawa ba, labari ake nema.

Ban gama yanke shawara ba. Yaya zan faɗi shirin da ke rawa?

Nahawun Hausa yana da lokaci mai zuwa iri biyu. Akwai na "zan zo", akwai kuma na "na zo" mai jan wasali, irin na "ma gani" da "kya ji", wanda bai kai na farko tabbas ba. Turanci ba shi da irin wannan siga, da kalmomi yake auna ƙarfin niyya. Daga mai rauni zuwa mai ƙarfi: *I might go*, wataƙila in je. *I'm thinking of going*, ina tunanin zuwa. *I'd like to go*, ina sha'awar zuwa. *I hope to go*, ina fata. *I'm planning to go*, ina shiri. *I intend to go* da *I've decided to go*, magana ta ƙare.

Abin da ke ba da wahala shi ne abin da ke biyo bayan kowace. *Plan*, *hope*, *intend*, *decide* da *would like* suna ɗaukar *to* da aikatau tsurarsa. *Thinking of* da *considering* suna ɗaukar *-ing*. Sai kuma *look forward to*, wadda ke kayar da mutane da yawa a ƙarshen wasiƙa: *I look forward to hearing from you* ake cewa, ba *to hear* ba.

A guji *I wish I will pass*. *Wish* a irin wannan gini ta abin da ba ya samuwa ce, irin "ina ma a ce". Fatan abin da zai iya yiwuwa *hope* ce: *I hope I pass*.

Ba na iya faɗin abin da zan yi gobe ban ce in sha Allahu ba. Yaya zan yi da Turanci?

Ka faɗe ta. Umarnin yana cikin Suratul Kahfi, aya ta 23 da ta 24, kuma ba a sauke shi don an sauya harshe. Turanci yana da *God willing* tun da daɗewa, Kiristoci ma suna da irin wannan horo a Wasiƙar Yakubu, sura ta 4. Ita kanta *inshallah* ta shiga manyan ƙamusoshin Turanci. A Najeriya da Gana za ka ji *by God's grace* a ko'ina. Wanda yake rubuta wa kamfani ko jami'a kuma yake son lafazin da bai ambaci addini ba, yana da *all being well* da *if all goes well*.

Inda ake samun saɓani shi ne idan in sha Allahu ta maye gurbin ranar. An tambaye ka yaushe za ka turo takardu, ka amsa da *Inshallah* kaɗai, ko *Soon, God willing*. Wanda bai san al'adarmu ba zai ɗauka zillewa kake yi, kuma gaskiya wasunmu sun mayar da ita hakan. Ka faɗi ranar tukuna, sannan ka jingina ga Allah: *I'll send the documents on Monday, God willing*.

Na ce wa wani Bature *I'm coming* na fita, sai ya tsaya yana kallona. Me na yi?

Ka fassara "ina zuwa" ne kai tsaye. A wurinmu mai fita ne yake faɗinta, yana nufin zai dawo yanzu, kuma duk wanda ya zauna a Najeriya ko Gana zai gane *I'm coming* da wannan ma'ana. A Ingila da Amurka kuwa mai tahowa ne yake faɗinta, kamar wanda aka ƙwanƙwasa wa ƙofa. In fita za ka yi ka dawo, *I'll be right back*. In kana son a ɗan jira ka, *Just a moment* ko *I'll be with you in a minute*. Ka ga ta farko da ta ƙarshe da *will* suke, domin shawara ce ta nan take, kamar yadda aka yi bayani a amsa ta biyu.

Yaya ake cewa jibi da gata da citta?

A nan Hausa ta fi Turanci wadata. Bayan *tomorrow* ba su da kalma ɗaya tilo. Jibi ita ce *the day after tomorrow*, gata *in three days*, citta *in four days*. Baɗi *next year*, makon sama kuwa *the week after next*. Mutanen Ingila suna da *fortnight*, wato mako 2, amma Amurkawa ba safai suke amfani da ita ba.

*Next tomorrow* fa? A watan Janairun 2020 ƙamus na Oxford ya shigar da ita cikin jerin kalmomin Turancin Najeriya, tare da *okada* da *danfo* da *Kannywood*. To amma a matsayin Turancin Najeriya ya shigar da ita. A Legas ko Kaduna ba mai tambayarka me kake nufi, a Landan kuwa sai an yi dace. A takardar jarrabawa da wasiƙar da za ta ƙetare ruwa, ka tsaya kan *the day after tomorrow*.

Sauran ƙananan kalmomin lokaci su ma suna da tarko. Ba a sa *on* ko *in* kafin *next*, *this* da *tomorrow*: *next week* kawai, ba *on next week* ba. "Nan da mako biyu" ita ce *in two weeks*, ba *after two weeks* ba, muddin daga yau kake ƙirgawa. *By Friday* wa'adi ne, wato kada ya wuce Juma'a, *until Friday* kuwa abin zai ci gaba har Juma'a. Shi ya sa *I'll finish it until Friday* ba ta da ma'ana. *Next Friday* kuma ko Turawan kansu suna saɓani a kanta, wani ya ɗauka wadda ke tafe, wani ta bayanta. In maganar mai muhimmanci ce ka faɗi kwanan wata, kuma ka rubuta sunan watan da haruffa, domin 3/4 a Ingila 3 ga Afrilu ce, a Amurka kuwa 4 ga Maris.

An koya mana *I shall* da *we shall* a firamare. Har yanzu ana amfani da su?

Tsohuwar ƙa'idar da ta ce *I* da *we* sai *shall* ta kwanta dama a maganar yau da kullum. *I will* daidai ce, ba mai gyara maka. Wuri biyu *shall* ta rage da ƙarfinta. Na farko tambayar tayi ko shawara, musamman a Ingila: *Shall I close the window?* wato in rufe taga? *Shall we go?* wato mu tafi? A nan *will* ba ta shiga.

Na biyu harshen doka da yarjejeniya, inda ma'anarta wajibi ce, ba lokaci mai zuwa ba. Tsarin mulkin Najeriya na 1999 cike yake da ita. Sashe na 14 ya ce *the security and welfare of the people shall be the primary purpose of government*. Ba hasashe ake yi ba a nan, umarni ne. In ka ga *the tenant shall pay* a takardar haya, ka karanta ta da ma'anar dole.

Halal ne in ce *gonna*? Kuma me ya sa ba a jin *will* sosai a bakin Turawa?

*Gonna* ita ce *going to* idan an faɗe ta da sauri, kuma manya da yara duk suna faɗinta. A baki ba laifi, a rubutun jarrabawa ko na ofis kuwa kada ta kuskura ta fito. Sai a gaban aikatau take zuwa: *I'm gonna call him* ta yi, *I'm gonna Kano* ba ta yi ba. Kada kuma a yar da *am*, *is*, *are*: *I going to* kuskure ne. Wanda kunnensa ya saba da burokan ya kula da *I go call am*, domin wannan *go* ɗin alamar lokaci mai zuwa ce ta burokan, ba ta Turancin makaranta ba.

*Will* kuwa a magana kusan kullum a gajarce take: *I'll*, *she'll*, *we'll*. In ka furta ta cikakkiya da ƙarfi, *I will come*, ya zama kamar ana musu da kai kana jaddadawa. Korewarta *won't*, a furta ta da jan "o" don kada ta rikiɗe ta koma *want*, tunda *I won't go* da *I want to go* kishiyoyin juna ne. *Won't* tana kuma nufin ƙi: *The car won't start* ita ce mota ta ƙi tashi.

Yaya zan tambayi wani shirinsa ba tare da na yi kama da mai ba da umarni ba?

*Will you* a farkon jimla sau da yawa roƙo ne ko umarni. *Will you come tomorrow?* na iya zama ina son ka zo. In labari kawai kake nema, *Are you coming tomorrow?* ta fi. *Are you going to pay?* kuwa tana iya ɗaukar zafi, kamar mai cewa wai za ka biya ko kuwa?

Ga na gaba da kai, shugaba a wurin aiki ko malami, sigar da ta fi ladabi ita ce *will you be* da *-ing*: *Will you be coming to the office tomorrow, sir?* Tana nuna cewa tsarinsa kake tambaya, ba ka neman ya sauya komai dominka. Sannan idan aboki ya ce *What are you doing on Saturday?* galibi share fagen gayyata ne. In ba ka da hali, sigar shirin da ya kankama ce take fitar da kai cikin mutunci: *I'd love to, but I'm attending a wedding*.

Su *will be doing* da *will have done* fa, dole ne in iya su?

Ba da gaggawa ba. Ma'aunin ƙwarewar harshe na Turai, wanda aka fitar a 2001, yana da matakai 6 daga A1 zuwa C2, kuma littattafan da ke binsa sukan koyar da *going to* da *will* tun a matakan farko, su bar waɗannan biyun sai an yi nisa. Wanda ya riƙe hanyoyi huɗun da aka ambata a amsa ta farko da kyau zai yi kasuwa da tafiya da hira ba tare da ya buƙace su ba.

*Will be doing* tana nuna abin da za a tarar ana cikin yi a wani lokaci: *At nine tomorrow I'll be writing my exam*, wato ƙarfe 9 na gobe ina tsakiyar jarrabawa. *Will have done* tana nuna abin da zai riga ya kammala kafin wani lokaci, kuma abokiyar tafiyarta *by* ce: *By 2030 I will have finished my degree*, wato kafin 2030 na gama digiri. Ka lura Hausa "na gama" ta ce, sigar abin da ya wuce, don haka a kula kada a rubuta *By 2030 I finished*. Masu shirin WAEC da JAMB su kam su san su, domin tambayoyin cike gurbi suna son jimlar da ta fara da *By this time next year*.

Na yi niyya amma ban samu yi ba. Yaya zan faɗa?

*I was going to call you, but my battery died*, wato na so in kira ka, caji ya ƙare. *Was going to* ita ce niyyar da ta warware. In wani ne ya ɗora maka ko an yi yarjejeniya, *was supposed to*: *He was supposed to come yesterday*. In kana dab da yi aka katse ka, *I was about to leave*.

Haka kuma idan kana ba da labarin alkawarin da wani ya yi a baya, *will* tana komawa *would*. Ya ce maka *I'll come*, kai kuma ka ce *He said he would come*. Hausa ba ta sauya komai a nan, "ya ce zai zo" ce ko yau ko bara, shi ya sa *He said he will come* take saurin fitowa. Tana iya zama daidai in lokacin zuwan bai yi ba tukuna, amma in ranar ta wuce, *would* ce kawai.

Za a yi min ganawar neman aiki, kuma ina shirin IELTS. Wace siga zan riƙe idan an tambaye ni shirina?

Kada ka riƙe ɗaya, ka cuɗa su gwargwadon gaskiyar kowane shiri. Sashen magana na IELTS, wato jarrabawar auna ƙwarewar Turanci, minti 11 zuwa 14 ne, kashi 3, kuma yawan sigogin nahawu da daidaitonsu yana cikin abubuwa 4 da ake ba wa maki. Wanda ya amsa komai da *I will* ya nuna siga ɗaya ke nan. Kwatanta da wannan: *I'm finishing my service in October. After that I'm going to apply for a master's. I'd like to teach eventually, but I might work for a few years first.* Jimla 3 kacal, amma an ji abin da aka sa wa rana, da abin da aka ƙudurta, da abin da ake buri, da abin da ke rawa.

A ganawar aiki tambayar da ta shahara ita ce *Where do you see yourself in five years?* A nan *I hope to* da *I'd like to* da *I plan to* sun fi *I will be the manager* dacewa, domin ta ƙarshen tana kama da cika baki. A gaban jami'in biza kuwa akasin haka ne. Idan niyyarka da gaske ita ce ka dawo gida bayan karatu, *I might come back* ta rage wa maganarka ƙarfi ba gaira ba dalili. *I'm going to return* ko *I intend to return* ita ce ta yi daidai da abin da ke ranka.

Sun ce min *We'll get back to you*. Alkawari ne?

A nahawu alkawari ne, a aikace kuwa sau da yawa hanyar rufe zance ce. Haka *I'll let you know* da *We'll see*, wadda ba ta da maraba da "ma gani" tamu. *We should have lunch sometime* ma ba gayyata ba ce, nuna zumunci ne kawai. Alamar da za ka duba ita ce rana da siga: in an ce *We're interviewing again on Tuesday* ko *You'll hear from us by the 15th*, akwai magana a ƙasa. In babu rana, kana da damar tambaya kafin ka tashi, *When can I expect to hear from you?* In wa'adin ya wuce shiru, saƙon imel gajere ya wadatar: *I'm writing to ask when a decision will be made.* Wannan *will* ɗin bayan *when* daidai take, tambaya ce a fakaice irin wadda aka ambata a amsar *When I arrive*.